Masaukin kyanwoyi a ƙauyen Ingila: yadda ake samun izinin gini idan ƙofar tana bakin titi mai haɗari

A Ingila, idan mutum zai yi tafiyar mako ɗaya ko biyu kuma ba shi da wanda zai bar wa kyanwarsa, sai ya saka ta a akwatinta ya kai ta masauki. Can za a ba ta ɗaki mai ɗumi da ɗan filin miƙe ƙafa, a ciyar da ita, a kwashe ƙazantarta, shi kuma ya biya kuɗin kwana. Yawancin waɗannan masaukai a bayan gari suke, a harabar tsohuwar gona ko a bayan gida mai fili. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka kuka ko wari ne zai hana mai son buɗe masauki izini. Wannan damuwar masu ajiye karnuka ce. Kyanwa ba ta haushi, kuma ɗakunanta ba su cin wuri. Abin da ya fi kayar da takardar neman izinin mai masaukin kyanwoyi yana bakin titi: shin direban da zai fito daga ƙofarka yana hango motar da ke tafe kafin ta iso shi? Fiye da rabin mutanen da ke mutuwa a haɗarin mota a Birtaniya a hanyoyin karkara suke mutuwa, saboda haka jami'an hanya ba su wasa da wannan tambayar. Duk abin da ke ƙasa tsarin Ingila ne. Sikotlan da Wales da Arewacin Ireland kowa da nasa.

Izini biyu ne, kuma ɗaya ba ya ɗauke ɗaya

Na farko izinin gini da sauya amfanin fili, a ƙarƙashin dokar tsara birane da karkara ta 1990. Ko ba ka aza bulo ko ɗaya ba, mayar da rumbun gona ko garejin gida wurin ajiye kyanwoyin mutane don kuɗi sauya amfani ne. Masaukin dabbobi ba ya cikin rukunan amfani da aka saba, shi ake kira sui generis, wato mai zaman kansa. Ma'anar wannan a aikace ita ce sauƙin da doka ta yi wa manoma na mayar da ginin gona shago ko ofis ba tare da cikakken izini ba bai shafe ka ba. Cikakkiyar takarda za ka shigar.

Na biyu lasisin kula da dabbobi, a ƙarƙashin ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2018. Shi ma ƙaramar hukuma ke bayarwa, amma wani sashe ne dabam, da nasa sufeton, kuma yana ƙarewa bayan shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon taurarin inganci da sufeton ya ba ka. Mutane kan sami lasisi su ɗauka sun gama. Ba su gama ba. Tun Afrilun 2024 hukuma tana da shekara goma cur da za ta iya bin wanda ya yi gini ko ya sauya amfani ba izini.

Ka kuma san su wa kake magana da su. A yawancin karkarar Ingila ƙaramar hukumar gunduma ce ke yanke hukunci a kan takardarka, amma hanyar da ke ƙofarka tana hannun majalisar lardi. Gunduma za ta tura takardar ga injiniyan hanya na lardi ta nemi ra'ayinsa. Ba shi ke da wuƙa da nama ba, sai dai da wuya jami'in tsare-tsare ya amince da abin da injiniyan ya ce haɗari ne. In kuwa ƙofarka a kan babbar hanyar ƙasa take, National Highways, hukumar manyan hanyoyin Ingila, ce za ta yi magana, kuma ma'auninta ya fi tsauri.

Ɗauki tef ka je bakin ƙofa kafin ka kashe ko fam ɗaya

Wannan aikin awa ɗaya ne, kuma ya kamata a yi shi kafin a sayi filin, kafin a biya mai zane. Ku je ku biyu, kowa da riga mai ƙyalli, da dogon tef ko tayar awo, da sanda biyu.

A tsakiyar mashigar, auna mita 2.4 baya daga gefen kwalta. Gefen kwalta fa, ba bakin ciyawa ko gindin shinge ba. Wannan mita 2.4 ita ce tazarar da ke tsakanin hancin mota da idon direba, wato inda direba zai kasance idan ya tsaya bai tura hancin motarsa kan titi ba. A nan ka kafa sanda ka yi mata alama a tsayin mita 1.05, tsayin idon wanda ke zaune a ƙaramar mota. Durƙusa ka sa idonka daidai alamar. Tsayuwa a kan ƙafa ita ce kuskuren farko da kowa ke yi, don mai tsaye yana hango bayan shingen da direba ba zai taɓa gani ba.

Abokin aikinka ya riƙe tasa sandar mai alama a santimita 60, ya bi gefen kwaltar da ke kusa da ku yana tafiya har alamar ta ɓace maka. Ku auna nisan a kan gefen hanya, kuna bin lanƙwasarta. Ku sake a ɗaya hannun. Waɗannan layuka suna fitar da dogayen kusurwoyi biyu, dama da hagu, su ne filin hange. A cikinsu ba a son komai da ya wuce santimita 60: shinge, katanga, allon talla, tarin itace, motar da aka ajiye. Falwaya ɗaya siririya ko ƙaramin allon hanya ana iya ɗauke kai a kansu; jerin bishiyoyi kuwa idan aka kalle su daga gefe suna zama bango.

Hannun dama ya fi muhimmanci, domin a Ingila a hagu ake tuƙi, motar da za ta fara riskarka daga dama take zuwa. Wanda ya koyi tuƙi a Najeriya ko Nijar idonsa hagu yake fara zuwa, sai ya kiyaye. Amma kada a raina hagu: mai ƙoƙarin wuce tarakta yana shigowa hannunka, kuma a siririyar hanya mai ɗaukar mota ɗaya kowa tsakiya yake bi. Ka kuma lura da tudu da kwari. Hanya tana iya zama miƙaƙƙiya kamar sanda, amma akwai gangaren da mota ke nutsewa ta ɓace na daƙiƙa biyu. Taswira ba ta nuna wannan, durƙuso ne ke nunawa. In da hali a yi awon a watan Yuni ko Yuli, lokacin da shinge ya cika da ganye kuma ciyawar gefen hanya ta kai gwiwa. Awon Janairu ruɗi ne.

Mita nawa ake buƙata

Nisan da ake nema shi ne wanda motar da ke tafe za ta iya tsayawa a cikinsa, kuma ma'auni biyu ake amfani da su. Na farko yana cikin kundin Manual for Streets na 2007, wanda aka yi don hanyoyin da ba a gudu sosai. Ya ɗauka direba zai ɗauki daƙiƙa 1.5 kafin ya taka birki, sannan ya taka da ƙarfi. A nan mil 20 a awa na buƙatar mita 25, mil 25 mita 33, mil 30 mita 43, mil 37 mita 59. Teburin a nan ya tsaya. Na biyu shi ne ma'aunin manyan hanyoyi, DMRB, mai ɗaukar daƙiƙa 2 da birki a hankali: kusan mil 40 mita 120, mil 50 mita 160, mil 60 mita 215.

Dubi ratar da kyau. Tsakanin mil 37 da mil 40 abin da ake nema ya ninka. Yawancin rigimar da ake yi a kan irin wannan takarda a wannan ratar take.

Hanyar karkara da ba a sa mata wani allon gudu ba, sai farin da'ira mai baƙin layi a gicciye, iyakarta mil 60 ce ga ƙaramar mota. Idan ba ka kawo wata hujja ba, injiniyan zai ɗauki 60 ɗin ya nemi mita 215 dama da hagu, abin da ƙofar gona kaɗan ce ke da shi. Amma a siririyar hanya mai kwana-kwana tsakanin shingaye, ba mai hankalin da ke yin 60. Abin da za ka yi shi ne ka auna gudun da ake yi da gaske.

Kamfanin ƙidayar motoci zai shimfiɗa roba biyu a gicciyen hanya, haɗe da akwatin da ke rubuta gudun kowace mota, dare da rana har kwana bakwai. Sai da yardar hukumar hanya ake shimfiɗawa. A sa su a kowane ɓangare, wajen inda filin hangenka ya ƙare, ba daidai ƙofar ba, don gudun mai tahowa ake nema. Kada a yi a makon hutun makaranta, ko lokacin da ake gyaran hanya, ko cikin ƙanƙara. Injiniyan zai ce makon ba na yau da kullum ba ne ya yi watsi da sakamakon. Ka nuna masa wurin da za a shimfiɗa tukuna, ya amince a rubuce.

Lambar da ake ɗauka ba matsakaicin gudu ba ce. A jera motoci ɗari daga mai tafiyar hawainiya zuwa mai gudun tsiya, a ɗauki gudun ta 85. Idan ya fito mil 35, lissafin Manual for Streets zai ba da kusan mita 54: mita 23 da rabi kafin a taka birki, kusan 28 ana birkin, sai 2.4 na hancin mota. Daga 215 zuwa 54, ka ga kuɗin awon ya biya kansa. Kowane hannu da lambarsa, domin mai fitowa daga kwana yana iya yin 28 alhali mai gangarowa daga tudu yana yin 41. Larduna sun bambanta a kan inda suke daina karɓar ma'auni mai sauƙi, saboda haka ka tambaya tun wuri. Sannan awon takobi ne mai kaifi biyu: a ƙauyen da allo ya ce 30 amma mutane na yin 38, shi zai ƙara maka nisa.

Abubuwa biyu da mutane ke kawowa a matsayin mafita ba su cika aiki ba. Madubi a ɗaya gefen titi: hukumomin hanya galibi ba su karɓarsa, don yana ruɗin nisa, yana yin hazo da sanyin safiya, fitilar mota kuma tana kashe ido a cikinsa. Sai roƙon a rage iyakar gudu: wannan wata doka ce dabam mai nata tsarin da tuntuɓar jama'a, ba a yin ta saboda masauki ɗaya, kuma allo kaɗai ba ya rage gudu.

Shingen na wa ne

A ce awon ya nuna kana buƙatar mita 54 kuma shinge ya tare ka a mita 30. Tambayar yanzu ta ƙasa ce. Filin hange dole ya faɗo a kan ƙasarka ko a kan ƙasar hanya. Idan ya ratsa ko taku biyu na gonar maƙwabci, ba ka da ikon hana shi shuka ko kafa wani abu a wurin, hukuma kuma ba za ta ɗora maka sharaɗin da ba za ka iya cikawa ba.

Ka nemi taswirar iyakar hanya daga majalisar lardi, ana biya kaɗan. Kada ka dogara da taswirar rajistar filaye, iyaka ta gaba ɗaya kawai take nunawa, kaurin layinta ma ya isa ya haɗiye mita guda. A karkara sau da yawa ciyawar gefe ta hanya ce, amma lambatu da shinge na mai gonar da ke bayansu ne.

Idan shingen naka ne, ana iya sare shi a sake dasawa a bayan layin hange, da ratar kamar mita ɗaya don ya sami wurin yin kauri, ko a ciccibo shi da saiwarsa da injin haƙa a ja shi baya lokacin sanyi. Amma a nan ne ake gyara wani wuri a ɓata wani. Injiniyan hanya zai ji daɗi, jami'in kula da kyan karkara da na halittu kuwa za su ɗaga gira: mita sittin na tsohon shinge ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Akwai ƙa'idojin kare shingayen karkara na 1997. Akwai dokar 1981 mai hana lalata sheƙar tsuntsun da ke kan ƙwai, shi ya sa ba a sara daga Maris zuwa Agusta sai an bincika. Tun 2024 kuma akwai wajibcin ƙara wa halittun wuri kashi 10 cikin ɗari, kuma taɓa shinge mai tsawo yana iya sa ko ƙaramin aiki ya faɗa ƙarƙashin wannan wajibcin. Ka sa duk wannan a takarda ɗaya: nawa za a cire, nawa za a dasa, wane iri. Mai cire mita 40 ya dasa 80 na itatuwan gida yana da abin faɗa.

Idan na maƙwabci ne, "ai mun yi magana, ya ce ba komai" ba hujja ba ce. Gobe zai sayar, ko ya rasu, ko ku ɓata. Ko dai ka sayi tsirin, ko lauya ya rubuta yarjejeniyar da ke bin ƙasar ko a hannun wa take, ko maƙwabcin ya sa hannu a yarjejeniyar sashe na 106 na dokar 1990 tare da hukuma. Akwai kuma sharaɗin da ake kira Grampian, daga wata shari'a ta 1984, wanda ke cewa ba za a fara aiki ba sai an samar da filin hangen. Yana ba ka izini a takarda, amma makullin yana aljihun maƙwabci, shi ma ya san haka lokacin da za ku yi ciniki.

Mafita ta uku, wadda aka fi mantawa, ita ce matsar da ƙofar. Mita ashirin nesa da kwana, ko zuwa bayan lanƙwasa maimakon cikinta, kan sauya komai. A toshe tsohuwar gaba ɗaya, sai ya zama ka rage haɗarin da ke akwai tun da. In duk ukun sun gagara, da muguwar rawa gara ƙin tashi: nemi wani filin.

Motoci nawa za su zo

Manufar tsare-tsare ta ƙasa, NPPF, ta ce kada a hana izini saboda hanya sai idan haɗarin da aikin zai jawo ba abin karɓa ba ne, ko cunkoson da zai haddasa mai tsanani ne. Cunkoso ba zancen masaukin kyanwoyi ba ne. Haɗari shi ne zancen, kuma kalmar da za ka gani a wasiƙar injiniya ita ce ƙara yawan amfani da mashigar da ba ta cika ma'auni ba. Amsarta lissafi ne.

Ga misali. Ɗaki 20, duk a cike, kowace kyanwa na kwana goma. Ɗaki biyu ke sauya baƙo a rana: mutum biyu sun zo ɗauka, biyu sun zo ajiyewa. Ziyara huɗu, kowace shiga da fita, motsi takwas ke nan. Ƙara ma'aikaci ɗaya, motar abinci da yashin bayan gida sau ɗaya a mako, motar shara, likitan dabbobi jefi-jefi. Bai fi zirga-zirgar gida ɗaya ko biyu ba. Sai dai kada ka tsaya a matsakaici, don maƙwabta ba za su tsaya a nan ba. Hutu Juma'a da Asabar ake tafiya. Idan rabin ɗakunan suka sauya a Asabar ɗaya ta watan Agusta, ziyara ashirin ce, motsi arba'in. Kai ka fara faɗin wannan lambar, ka faɗi yadda za ka rarraba ta. Takardar da ta ɓoye ranar cunkoso, da zarar an gano, ba a ƙara yarda da sauran lambobinta.

Rarrabawar ba wuya. Ba mai zuwa sai da alƙawari, mutum ɗaya kowane minti goma sha biyar. Sa'o'in karɓa da sallama a kauce wa lokacin kai yara makaranta da ɗauko su. Wasu kan ƙara da motar masauki mai zuwa gida ta ɗauko kyanwa, tafiya ɗaya ta maye gurbin uku. Ka rubuta waɗannan a matsayin tsarin gudanarwa, ka ce ka yarda a mayar da su sharaɗi. Amma ka faɗi abin da za ka iya rayuwa da shi: wanda ya yi alƙawarin rufewa ranar Lahadi don a ba shi izini zai gane kurensa ranar da jiragen masu hutu suka sauka.

Sai abin da mashigar ke ɗauka a yanzu bisa halal. Idan gonar shanu ce mai aiki, tankar madara na shiga, tarakta da tirela na fita a hankali suna tare hanya, to ƙananan motoci goma a madadinsu ragi ne. Ka kawo shaida: rasit, hotuna, littafin gona. Idan kuwa rumbun ya shekara goma sha biyar a rufe, wannan hujjar ba ta da nauyi.

Ka duba tarihin haɗari na shekara biyar a shafin CrashMap, wanda ke ɗauko bayanan 'yan sanda. Rashin haɗari hujja ce mai kyau amma ba ta kashe magana, don waɗanda aka ji rauni kawai ake rubutawa. Motar da ta faɗa lambatu direba ya fito lafiya ba ta ciki, maƙwabta kuwa suna da hotonta a waya.

Ƙofar kanta da cikin harabar

Kowane lardi na da littafin ma'auninsa, amma abubuwan da ake nema kusan ɗaya ne. Ƙyauren ya koma ciki mita 5 zuwa 6 daga kwalta kuma ya buɗe ta ciki, don mai zuwa ya sauka daga titi gaba ɗaya kafin ya tsaya. Faɗin bakin ya isa mota biyu su gifta: mita 4.1 ita ce ƙarshen ƙaranci, 4.8 zuwa 5 ta fi kwanciyar hankali, don kada mai shiga ya tsaya a kan titi yana jiran mai fita. Mita biyar na farko a yi su da kwalta ko kankare, ba tsakuwa ba. Taya na kwaso tsakuwa ta watsa a titi, mai babur ya zame. Ruwan harabarka kada ya gangara kan hanya, a sa magudana a bakin ƙofa, in akwai lambatu a yi kwalbati. Aikin da ya taɓa ƙasar hanya yana buƙatar yardar lardi dabam a ƙarƙashin dokar hanyoyi ta 1980, sashe na 184 don mashiga, na 278 don babban aiki kamar faɗaɗa wurin kaucewa a siririyar hanya. Kai za ka biya.

A ciki, kowa ya iya juyawa ya fita da gaba. Ribas zuwa kan titin karkara shi ne abin da injiniya ba zai taɓa sa wa hannu ba. Wurin fakin mita 2.4 da 4.8 ne mafi ƙaranci, da mita 6 a bayansa don juyawa. Uku ko huɗu na baƙi sun isa masauki mai ɗaki ashirin, ban da na gida da na ma'aikata. Ka sa a zana yadda babbar motar kaya za ta juya. Allon suna kuma ya zauna a ƙasarka, a wajen filin hange, inda baƙo zai gan shi da wuri. Wanda ya wuce ƙofa ya taka birki kwatsam ya fi kowa haɗari.

Haɗa takardar

Kafin komai ka biya kuɗin shawarar da ake ba mutum kafin ya shigar da takarda, a gunduma da kuma a sashen hanya na lardi, domin sau da yawa kowanne da nasa. Tun ran gini tun ran zane. Ana shigar da takarda ta shafin intanet na Planning Portal. Taswirar wuri a ma'aunin 1:1250 ko 1:2500, da jan layi kewaye da wurin aikin. Jan layin dole ya kai har bakin titi ya haɗa da filin hange. Mantawa da wannan kaɗai na sa a dawo da takarda. Sauran ƙasarka a kewaye ta da shuɗi. Idan jan layin ya taɓa ƙasar wani, sai ka ba shi sanarwa a rubuce ka cike takardar shaidar mallaka ta B. Sai zanen harabar a 1:500 ko 1:200, zanen ginin, da gajeren bayanin sufuri mai ɗauke da awon gudu, zanen hange, lissafin motoci da tarihin haɗari. Shafi goma masu lambobi sun fi hamsin na surutu.

Ka zana ginin da ma'aunin lasisi tun farko, don kada a ba ka izinin abin da sufeton dabbobi zai ƙi. A ɗakin da mutum ke shiga a tsaye, mai tsayin mita 1.8, wurin kwanan kyanwa ɗaya murabba'in mita 0.85 ne, filin motsa jikinta 1.65, na kyanwoyi biyu 'yan gida ɗaya 1.5 da 2.2. Kyanwoyin gidaje dabam ba su haɗa ɗaki. Tsakanin ɗakuna akwai shamakin da ke tare atishawa, a gabansu akwai rufaffen baranda don wadda ta kuɓuce kada ta kai waje, wurin kwana kuma a riƙe shi tsakanin digiri 15 da 26. Ga wurin keɓe marar lafiya, ga ɗakin haɗa abinci. Yashin da aka yi amfani da shi sharar kasuwanci ce, mai rajista ke kwashewa, ruwan wanki mai magani kuma ba ya shiga lambatu. Idan filin yana cikin yankin da aka hana gini kewaye da birane, gyara tsohon gini mai ƙwari ya fi sabon gini sauƙin wucewa nesa ba kusa ba.

Bayan an shigar

Ana ba jama'a kwana 21 su faɗi ra'ayi, hukuma kuma tana da mako takwas, ko da yake sau da yawa takan nemi ƙari. Ka zagaya maƙwabta da zanenka kafin wasiƙar hukuma ta riga ka, ka halarci zaman majalisar ƙauye. Ba su da ikon hanawa, amma ƙorafi mai yawa na iya ɗauke takardar daga teburin jami'i zuwa gaban kwamitin kansiloli. Faɗuwar darajar gida ko kishin wani mai masauki ba abin dubawa ba ne a doka, kuma masu ƙorafi sun san haka, shi ya sa kowa ke komawa kan hanya: masu hawan doki, yara masu jiran bas, kwanar da aka yi karo bara. Wasu da gaskiyarsu. Ka amsa kowanne da awo, ba da zafin rai ba. A gaban kwamiti yawanci minti uku ake ba ka. Ka kashe su a kan gudun da aka auna, mitocin da kake da su, da sharuɗɗan da ka yarda da su.

Idan aka ba ka, karanta sharuɗɗan layi-layi. Izinin na shekara uku ne. Wasu sharuɗɗan sai an cika su an kuma sami amincewa a rubuce kafin a sa diga a ƙasa, wasu kafin kyanwa ta farko ta kwana. Na filin hange ba ya ƙarewa: duk bazara sai an yi aski, har ranar da aka rufe masaukin. Yawan kyanwoyin da aka rubuta shi ne iyaka, ƙara ɗaki biyar daga baya sabuwar takarda ce, kuma za a sake komawa bakin ƙofa.

Idan aka hana, kana da wata shida ka ɗaukaka ƙara zuwa Planning Inspectorate, hukumar da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, yawanci a rubuce, sufeto ya zo ya tsaya a ƙofar da kansa. Ka duba wa ya ƙi. In injiniyan hanya bai yi adawa ba amma kansiloli suka hana saboda matsin jama'a ba tare da wata hujjar awo ba, ƙararka na da ƙarfi, har kana iya neman hukuma ta biya kuɗin da ka kashe. In kuwa injiniyan ne ya ƙi kuma mitocin ba su kai ba, sufeto zai ga abin da ya gani. A nan gyara zane a sake shigarwa ya fi, tare da sanin cewa tun Disamban 2023 an soke damar sake shigarwa kyauta, sai an sake biyan kuɗin takarda.